Ranar Da Na Mayar Da Goron Habsa

Assalamu alaikum, masu biye da ni. Wanda ya san ni ya gyara zama. Wanda bai san ni ba ya shiga Asawase ya tambayi ko mai sayar da gawayi wane ne Buraima Boma. Ni ne na ɗauki kayan yaƙin Bature a ka na ratsa dajin Boma, na dawo Kumasi da ƙafafuna biyu. Ni ne kuma hankalina ya tafi bayan dawowar, aka sa ni a turu a gidan wani malami a Krofrom, har hankalin ya gaji da yawo ya dawo ya tarar ina nan ina jiransa. Ba na ɓoye wannan. Wasu zazzaɓi kawai ya kai su kabari. Ni hauka ne ya kama ni da hannu biyu, na kayar da shi. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, don haka faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

Yau labarin 'yata Habsa zan ba ku, da abin da na yi a shekarar da ta biyo bayan sauke tutar Bature.

Habsa ita kaɗai Allah ya bar mana ni da matata Rakiatu. Doguwa ce irina, baƙa mai sheƙi, ga wushirya. Ɗinki take yi a barandar gidan hayarmu, kuma matan Tonawa, 'yan asalin Kumasi, har daga cikin gari suke zuwa ta yanka musu rigar kaba. In ta ɗaura atamfarta mai ruwan ganye ta yafa farin mayafi za ta kasuwa, masu tura amalanke sai sun yi karo da juna. Amma sa'o'inta duk sun yi aure, wasu da goyo na biyu, ita tana nan. Saurayi zai gan ta ya rikice, sai tsofaffin gidansu su fita bincike. A ce musu, "Ai 'yar Boma ce, wanda ya taɓa..." a ɗora yatsa a gefen kai. Shi ke nan, ba za mu sake ganin ƙeyarsa ba. Habsa ba ta taɓa ce mini komai ba. Sai dai in ji keken ɗinkin ya ƙara gudu.

Sai ga Masahudu.

Maraya ne, a hannun kawunsa Iddi ya tashi, wani bafataken goro. Iddi ya sa shi boko don ya samu mai karanta masa takardun jirgin ƙasa, yaro kuwa ya zarce har babbar makarantar Legon. Da ya gama, kowa ya zuba ido ya ga ya zama babban akawun gwamnati. Sai ya tafi Ankara, babban birninmu, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali. Daga nan kuma ya ce Ingila zai tafi ya ƙaro karatu har a kira shi dakta, amma ba daktan allura ba. Wai akwai daktan da aikinsa ya zauna da mutum, ya tambaya, ya saurara, har ya gano inda zuciya ta ƙulle. Da na fara ji na ce, ashe surutu ma sai an hau jirgin ruwa ake koyonsa?

Wando ya kawo wa Habsa ta rage masa tsawo. Bayan sati ya aiko ta wurin Rakiatu, da yake tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi: "A gaya wa mai keke wandon nan har yanzu ya yi tsawo." Aka rage. Ya sake aikowa. Ranar da na ga wandon a kan igiya ya kusa zama gajeren wandon 'yan sanda, na ce wa Rakiatu, "Ki gaya wa yaron nan ya turo manya tun bai fara yawo tsirara ba."

Ya san ko ni wane ne. Shi da bakinsa ya gaya wa Habsa cewa ciwon da ya same ni ba a gadonsa, kuma ko ana gado ya ji ya gani. Iddi ne bai so ba. Ya kawo goron tambaya, gaskiya, cikin ƙwarya an rufe da ɗanyen ganye, muka raba wa dangi da maƙwabta kowa ya shaida. Amma yana miƙewa ya ce, "Ɗaurin aure sai yaro ya samu gurbinsa na Ingila. In bai samu ba, sai mu sake zama." Duk wanda ke wurin ya gane. Ƙofa ya bar wa kansa a buɗe.

Tun daga ranar goron nan Masahudu bai sake kallon fuskata ba. Kun san yadda suruki yake a wurinmu. Tun daga bakin ƙofar gida zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa, muryarsa kamar ta mai mura. Ba ya ci a gabana, ba ya sha, ba ya kiran sunana. In ya hango ni a hanya sai ya canja lungu. Rannan da lungu ya ƙare masa, kwalbati ya tsallaka da littattafai a hammata. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce boko bai cinye yaron nan ba.

Shirin tafiya kuwa ba ƙarami ba ne. Ya ɗauki hutu ya dawo Kumasi yana karatu, littattafai masu kauri kamar bulo. Ya rubuta jarrabawa, an yi masa allura, an ɗauki hotonsa, ya ɗinka kwat mai ruwan toka. Abu ɗaya ya rage. Babban likitan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa zai zo daga Ankara ya zauna ya ga yadda yake yi wa mai irin wannan ciwo tambaya da harshenmu. Abin da likitan ya rubuta, shi mutanen Ingila za su duba su ce zo ko kada ka zo. Masahudu ya sha wahala kafin ya samu wani mutum a Sofoline da danginsa suka yarda. Likita ya bugo tarho kantin wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a cikin gari ya ce yana tafe ranar Alhamis. Ranar Laraba da hantsi dangin mutumin suka sa shi a mota suka kai shi ƙauye. Wai ba za a zo a kalli nasu ba.

Na dawo daga rumfar goro, inda nake aikin zaɓen goro, na tarar keke a tsaye, Habsa ta kifa kai a kansa.

"Wa ya mutu?"

Rakiatu ta gaya mini. Na yi dariya har na zauna.

"Mahaukaci yake nema ya rasa? A Kumasin nan? Wa ya kai ni? Wancan na Sofoline ko turu bai taɓa gani ba. Ni na shiga na fito, zan ba su labarin ciki da na waje."

Rakiatu ta ajiye ludayi. "Malam, surukinka ne fa."

"To sai me?"

"Yaron da ke tsallake kwalbati saboda kai, shi zai zauna ya tone maka ciki?"

"Ke dai ki wanke falo."

Na aika masa cewa gobe ya kawo likitansa gidana. Amsa ta dawo ta bakin Habsa: "Ya ce to." Me zai ce? Suruki ba ya ce wa uban yarinya a'a. A lokacin ban lura da wannan ba, ina can ina goge lambobina na yaƙi da toka da lemun tsami.

Ranar Alhamis falonmu ya zama kamar na Gwamna. Rakiatu ta wanke siminti, ta jera tasoshinta masu fure a kabad, ta shimfiɗa farin ƙyalle mai saƙa a kan tebur, har akwatin rediyon bango sai da aka goge. Muka aro kujeru uku. Na sa rigata batakari mai zanen shuɗi da fari, na jera lambobin yaƙi a ƙirji, na kafa jar dara. Habsa da uwarta suka shige ɗaki suka saki labule, amma ina ganin yatsun ƙafafunsu ta ƙasa. Bayan azahar sai ga Iddi, ba wanda ya gayyace shi, da babbar riga da carbi.

"Na zo in ga aikin ɗana," in ji shi. Ya samu tabarma a gefe.

Likitan Bafante ne, gajere, mai tabarau da sanƙo. Ya yi aiki da soja, don haka yana jin Hausar bariki. Yana ganin lambobina ya ƙame ya sara mini.

"Sannu, tsohon soja!"

"Yauwa, Dakta. Ka zo wurin da ya dace."

Ya zauna a kujerar gefe, ya buɗe alƙalami. Na zauna a tawa na baje. Ta uku tana fuskantata, ita ce ta Masahudu. Sai ga shi ya shigo cikin kwat da laktaye, ba takalmi, safa kawai. Ya zube a bakin ƙofa.

"Baba, barka da rana."

"Barka kadai."

"An wuni lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya iyali?"

Likita ya nuna masa kujera. Masahudu ya matsa kusa da ita, ya dafa ƙafarta, ya ci gaba da durƙuso. Gumi na bin wuyan rigarsa.

"Baba... ya jiki?"

"Jiki garau, kamar ƙarfe."

"Madalla. Ya... ya aiki?"

Na ga abin zai lalace, na ce bari in taimaka masa. Na kama labarin Boma tun daga hawan jirgi a Takoradi: yadda teku ta kwantar da kowa ban da ni, yadda na ɗauki akwatin harsashi biyu da wasu ke kuka da ɗaya, yadda Bature ya ce bai taɓa ganin wuya irin nawa ba. Labarin nan ko kajin Asawase sun haddace shi. Masahudu sai "Haka ne, Baba" yake yi, idonsa a siminti.

Likita ya rufe alƙalami. Ya yi masa magana da Turanci. Ba na jin Turanci, amma na san muryar hafsa in zai kori mutum daga layi. Sannan ya juyo da Hausa don kowa ya ji.

"Wannan ba tambaya ba ce, gaisuwa ce. A Ankara ba haka na san shi ba. Yaron da ke tsoron mara lafiya, ba zan tura shi Ingila ba."

Na saci kallon Iddi. Carbinsa na tafiya a hankali, bakinsa ya ɗan motsa gefe guda.

"Dakta, ba tsoro ba ne," na ce. "Kunya ce. 'Yata zai aura. A wurinmu suruki ba ya ɗaga ido, balle ya tambayi uban matarsa abin da ke cikinsa."

Na zaci na gyara. Likita ya cire tabarau ya dubi Masahudu.

"Surukinka? Abin ya ƙara lalacewa. Kai ka sani ba a yi wa na gida wannan aiki." Ya miƙa hannu ya ɗauki malafarsa.

A bayan labule na ji wani ɗan sauti, irin wanda mutum ke yi in ya toshe baki da mayafi. Muryar Habsa ce. Jama'a, an yi ruwan harsashi a kaina ban ji abin da na ji a lokacin ba. Yaro ya faɗi, Iddi ya samu ƙofarsa, 'yata ta koma kan keke har tsufa. Kuma ni na jawo, da bakina.

"Dakta, zauna. Minti ɗaya."

Na shiga ɗaki na wuce matan ban dube su ba. Ina da kwandon goro a ƙarƙashin gado. Na ɗauki ƙwarya na cika ta da farare manya, na rufe da ganye, na fito na dire ta a gaban Masahudu.

"Ga goronku. Na janye. Ba ni da 'yar da zan ba ka."

Carbin Iddi ya tsaya.

"Yanzu ni ba surukinka ba ne, kai ba nawa ba. Ni tsohon mahaukaci ne, kai ma'aikacin asibiti. Tashi ka sa takalminka ka hau kujera ka yi aikinka. Ko a nan ma sai an rage maka tsawo?"

A raina na ce, in an gama na ɗauke ƙwaryata, a yi dariya a sha koko. Dabara ce irin ta soja. Amma ban ƙyafta masa ido ba, don in ya gane wasa ne kunyar ba za ta sake shi ba.

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya miƙe ya fita, ya dawo da takalmi a ƙafa, a cikin falona. Ya zauna a kujera. Ya ɗago. Rabon da in ga idanun yaron nan har na manta kalarsu. Sun yi ja.

"Malam Buraima," ya ce.

Sunana, gatsau. Likita ya mayar da malafa kan gwiwa.

"Labarin Boma na sha jin sa, kuma na yarda da shi duka. Wani abu daban nake so in tambaya. In ba ka so, ka ce ba ka so."

"Tambayi. Ni ba a taɓa tambayata na gudu ba."

"Ƙofar falon nan ta fi ka tsawo da kusan kamu biyu. Ta masallaci ta fi ta. Me ya sa duk ƙofar da za ka shiga sai ka duƙa sosai, ka ɗan karkata?"

Na buɗe baki in ce ladabi ne. Maganar ta ƙi fita. Shi kuma bai ƙara komai ba. Bai cika ni da surutu ba, bai kawar da kai ba, ya dai zauna yana jira kamar ba shi da wurin zuwa a duniya. Ban taɓa sanin shiru na da nauyi haka ba.

"Don kada ya bugu," na ji bakina ya ce.

"Wa?"

"Munkaila."

Sunan nan ko Rakiatu ba ta taɓa ji a bakina ba. Munkaila Badagombe ne, tare aka ɗauke mu aikin dako a soja, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. A wani kwari aka harbe shi a ciki. Aka ce a bar shi, masu gadon marasa lafiya na tafe. Na san ba mai zuwa. Na yar da kayan Bature, na ɗora shi a wuya kamar yadda ake ɗora yaro ranar salla, na ɗaure ƙafafunsa a ƙirjina da rawani, ya kifa a kaina. Muka bi daji. Duk reshen da ya sauko sai in duƙa don kada ya buge shi. Ina ta yi masa hira, ina gaya masa in mun koma zan kai shi ya ci tuwon zafi a Zango har ya kasa tashi. Da muka isa sansani, mai magani ya taɓa shi ya ce ai wannan ya daɗe da cikawa, jikinsa har ya sandare.

"Da wa kake hirar, a ganinka?" in ji Masahudu.

"Da shi mana. Yana amsawa. Na rantse yana amsawa."

Bai ce mini ƙarya ba ne, bai ce gaskiya ba ne. Ya gyaɗa kai.

"Ka sauke shi?"

"Su suka kwance shi. Ni ban sauke ba."

"Ka ga inda aka sa shi?"

"Aka ce in koma layi."

"Da ciwon ya tashi a nan Kumasi, me kake ji?"

"Nauyi a wuya. Sai in riƙa bin titi ina ce wa mutane su ba mu hanya, da mara lafiya. Su kuma su ga mutum ɗaya."

"Malamin Krofrom ya san da Munkaila?"

"Shi aljani yake nema. Ya yi ta tambayar aljanin sunansa. Ni ba wanda ya tambaye ni."

"Yanzu fa? Yana da nauyi?"

Na taɓa wuyana. "Ya yi sauƙi. Mun saba."

"Ba ka yar da shi ba, Malam Buraima," ya ce a hankali. "Kowa ya ce a bar shi, kai ka kawo shi."

Idan wani ya gaya muku na yi kuka a wurin nan, ku ce ya zo ya maimaita a gabana. Abin da na sani, lambobina sun yi ta kaɗawa a ƙirjina su kaɗai, kuma na ji Rakiatu na jan hanci a bayan labule. Ya ci gaba da tambaya, barcina, cin abincina, abin da ke tayar mini da abin, abin da ke kwantar da shi. Na amsa duka. Kuma ku rubuta ku ajiye, ba a taɓa amsa tambaya a ƙasar nan kamar yadda na amsa ba.

Alƙalamin likita bai huta ba. Da aka gama ya miƙe ya kama hannun Masahudu da hannu biyu.

"Je ka nemi rigar sanyi mai kauri. Ingila ba Kumasi ba ce." Ya juyo ya sake sara mini. "Soja, na gode."

"Ai na gaya maka ka zo wurin da ya dace."

Masahudu ya raka shi mota. Ni kuwa na miƙe ƙafa ina jin kaina kamar wanda ya ci Boma shi kaɗai. Na sunkuya in ɗauki ƙwaryata, sai hannuna ya tarar da wani hannu a kanta.

Iddi.

"Mun karɓa," ya ce.

"Kun karɓi me?"

"Goronmu da ka mayar. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

"Kai Iddi, wasa ne! Dabara ce don yaro ya saki baki!"

"Wasa? Da furfurarka? A gaban baƙo, a gabana ni da na kawo shi?" Ya rungume ƙwaryar ya miƙe. "Ni ban roƙe ka ba, Buraima. Kai ka ce ba ka da 'yar da za ka ba mu. Kuma yanzu da kunnena na ji har yau gawa kake ɗauke da ita. Yaro zai zama dakta. Bari in kai wa jama'a su shaida, kamar yadda suka shaida na farko."

Ya sa takalmi ya fice. Daidai nan aka kira la'asar.

Wanda ba ɗan Zango ba ne ba zai gane ba. Goro in yana cikin ƙwarya, magana ce tsakanin mutum biyu. In aka raba shi aka tauna, ta zama ta gari, ba mai dawo da ita. Kuma Iddi masallaci ya nufa, inda duk dattawan Asawase ke taruwa.

Labule ya buɗe. Habsa ta fito, ɗankwalinta a karkace, idonta a kumbure, takalmana a hannunta. Ta ajiye su a gabana. Ba ta durƙusa ba.

"Baba, ban taɓa ce maka komai ba a kan kowa."

"Haka ne."

"Wannan ina so. Kai ka bayar da shi, kai za ka karɓo."

Rakiatu ta ce daga baya, "In ka dawo hannu banza, ka nemi mai dama maka koko."

Ni Buraima ban taɓa bin bayan mutum da gudu ba, ko Japan ni suke bi. Ranar na yi. Batakari na tashi, lambobi na ƙara kamar akuya mai ƙararrawa, mata masu wake da shinkafa na cewa, "Wayyo, abin Boma ya dawo!" A kan kwana na ci karo da Masahudu yana dawowa daga rakiya. Yana ganina ya fara laluben igiyar takalmi zai durƙusa.

"Bar takalmin nan! Kawunka ya tafi da goro masallaci. Kana son ta ko ba ka so?"

"Ina so, Baba."

"To biyo ni."

Muka tarar an idar da salla, mutane ba su watse ba. Iddi na durƙushe a gaban Liman, ya yaye ganyen, ya zaɓi goro mafi girma ya sa masa a hannu. Liman tsoho ne, ba ya gani sosai. Ya juya goron a tafinsa, ya shinshina.

"Fari ne mai kyau. Goron me, Iddi?"

Iddi ya gyara murya. Ban bar shi ya haɗiye yawu ba. Daga bakin ƙofa na ɗaga muryar da nake kiran layi da ita a bariki.

"Goron ɗaurin aure ne, Malam! Yaro ya ci jarrabawarsa yau a gidana, sharaɗin Iddi ya cika. Ni uban Habsa na bayar da ita ga Masahudu. Ga ango, ga waliyyinsa, ga jama'a. A ɗaura yanzu!"

Masallaci ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce "Alhamdulillahi," wani ya ce "Yau kuma?" Waɗanda suka fara sa takalmi suka tuɓe suka dawo. Masahudu ya ratsa sahu da kwat ɗinsa ya je ya durƙusa kusa da kawunsa, kafaɗa da kafaɗa. Iddi ya juyo ya dube ni, jijiyar goshinsa ta miƙe. Na tsaya ƙyam na dube shi. Ko ya ce amin, ko ya tashi a gaban dattawan Zango ya ce ya janye sharaɗin da ya gindaya da bakinsa, a ranar da ɗansa ya cika shi.

Liman ya sa farce a tsagin goron, ya tsaya. Ya karkata kunne wajen Iddi.

"Kai ne waliyyin yaro. Ban ji bakinka ba."

Iddi ya dubi dattawan da ke kewaye da shi, ya ce, "Mun karɓa, Malam, a ɗaura."